Minti Huɗu a Ɗakin Firji

Ku da kuke biye da ni a shafin nan, yau dai zan faɗi abin da na yi wata uku ina kewaye shi. Wadda ta san tana da saurin dariya ta yi abarta, ba zan ji haushi ba, don ni ma sai daga baya na iya yin tawa.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: shekarata talatin da bakwai, ni ce autar gidanmu, kuma har gobe Auta ake kirana duk da furfurar da ta soma leƙowa ta gefen kunne. Mijina ya rasu shekara shida da suka wuce, Allah bai ba mu haihuwa ba, na dawo gaban Umma. Ina aiki a wani babban sito na magunguna, ni ce mai riƙe da makullin ɗakin firji. Firji ne da mutum ke shiga a tsaye, kantoci jere da allurai, kuma doka ce sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri biyu da takwas. In ya haura takwas ya jima, maganin ya tashi daga aiki. Akwai wata 'yar na'ura a jikin bango da ke rubuta sanyin ɗakin duk minti biyar, ba ta barci, ba ta kuma san kara ba.

Shi kuwa wanda nake ba ku labarinsa, a wayata sunansa "Mai Firji". Haka na ajiye lambarsa ranar da ya fara zuwa gyara, kuma ko da gaisuwa ta koma hira, hira ta koma wani abu, na kasa canza sunan. Shekararsa arba'in da uku, ya taɓa aure bai yi ƙarko ba, ba shi da ɗa. Kullum akwai fensir a bayan kunnensa. Ba ya magana sai ya auna ta, har wani lokaci in ji kamar in girgiza shi. Wata takwas muna tare, kuma an tsayar cewa ranar Asabar yayarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, za ta zo gaida Umma a sa magana a hanya.

To, a daidai wannan lokacin ne jikina ya ga dama ya juya mini baya.

Da al'ada aka fara. Wani watan ta zo kwana biyu ta ɗauke, wani lokacin ta yi shiru wata biyu cur, sannan ta dawo kamar da gayya. Sai kuma zafi. Ina zaune lafiya lau ina duba takardun kaya, sai in ji wata wuta ta taso daga ƙirji ta haye wuya ta mamaye fuska, zuciyata na dukan uku-uku, gumi na bin bayana. Na daina sa hijabina masu kauri, na koma wa mayafin auduga. Jakata ta cika da hankici. Haushi kuwa ba a magana: ran nan na yi wa Umma tsawa a kan murfin kwalba, na shiga ɗaki na sha kuka.

Sai abin da ya fi wuyar faɗa, amma zan faɗa, don mu mata ne. Gabana ya bushe. Ƙaiƙayi, raɗaɗi, in na yi fitsari kamar an barbaɗa barkono. Wando in ya ɗan matse, zama ma aiki ne. Na ce ai wannan ciwon sanyi ne, wace mace ce ba ta san shi ba? Kun san mai aiki cikin magani yana ganin kansa rabin likita. Na sha kafso kala uku, na yi amfani da na cusawa sau biyu, duk ban tambayi kowa ba. Yaya, babbar 'yar Umma, da na ɗan tsegunta mata, sai ga ta da wani ruwan wanki mai ƙamshi da ta saya a intanet, wai har ciki ake wankewa, safe da yamma. Na bi. Abu ya ƙara ɓaci.

Zafin nan kuwa na samo masa dabara, dabarar da yanzu nake jin kunyarta. Da na ji ya taso sai in ɗauki makulli in faɗa ɗakin firji. Ni kuma tun ina yarinya nake tsoron a kulle ni a wuri, don haka sai in tokare ƙofar da kwali, in tsaya tsakanin kantoci in buɗe mayafi, in yi minti huɗu ko biyar, in fito ina goge fuska. Sau uku, sau huɗu a yini. Wallahi a duniya ba na jin akwai abin da ya kai wannan minti huɗun daɗi.

Ranar da na ga ɗigon jini a takarda bayan na yi tsarki, alhali ba lokacin al'ada ba ne, tsoro ya kai ni wajen likitar mata. Wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ta duba ni, aka ɗebi jini, aka yi gwaje-gwaje, na koma bayan sati.

"Ba ki da ciwon sanyi," in ji ta. "Ko alamarsa babu."

"To likita, ƙaiƙayin fa?"

"Sinadarin da ke sa wurin ya yi laushi da danshi ne ya soma raguwa a jikinki. Fatar ta yi siriri, shi ya sa take raɗaɗi har ta ɗan tsage. Ke kuma kina bin ta da sabulu mai turare. Jikinki ya kama hanyar ɗaukewar al'ada ne, ya dai yi sammako."

Na yi dariya, irin ta wanda bai ji daidai ba. "Likita, talatin da bakwai fa nake."

"Na gani a kati. Yana faruwa, kuma sau da yawa yana bin gida. Mahaifiyarki tana da shekara nawa tata ta ɗauke?"

Ban sani ba. Wa ke tambayar uwarsa wannan?

Ta ce in zubar da ruwan wankin Yaya, in daina wanke ciki kwata-kwata, ruwa zalla daga waje ya isa. Ta rubuta mini wani man shafawa na wurin, ta ce akwai maganin zafin jikin ma, za mu tattauna in sauran sakamako ya fito ranar Laraba ta sama. Ta ce wannan abu ne da ake kula da shi, mace ta yi zaman aurenta lafiya ba tare da azaba ba. Ina ta gyaɗa kai, amma tambaya ɗaya ce a raina.

"Haihuwa fa?"

Ta cire tabarau. "Ba zan ce miki ba zai yiwu ba, don har yanzu kina ganin al'ada. Ba kuma zan ce miki zai zo da sauƙi ba. In akwai wanda ya kamata ya sani, ya sani da wuri."

A gida na tarar da Umma a falo tana ninke wanki, Yaya ta miƙe ƙafa a kan kujera tana nuna mata hotunan yaduka a waya, wai wanda zan sa ranar Asabar. Ta zaɓar mini wani leshi mai duwatsu, ruwan zuma, mai nauyi kamar bargo. Na zauna a ƙasa na faɗa musu komai.

Yaya ce ta fara dawowa hayyacinta. "Ke, rufa mana asiri. Wa kika gaya wa?"

"Ku kaɗai."

"To ya tsaya a nan. Mutumin nan ba shi da ɗa, yayarsa kuwa an ce har sunayen jikoki ta tanada. Ki buɗe baki ki ce masa kin tsufa? A ɗaura tukuna, abin da Allah ya yi daga baya shi ke nan."

"Ban tsufa ba, Yaya."

"Ni na sani. Shi fa?"

Na juya ga Umma. Ta ci gaba da ninke zanin gado ɗaya da ta riga ta ninke sau biyu.

"Umma, likita ta ce in tambaye ki. Taki yaushe ta ɗauke?"

"Kina da shekara biyu," ta ce a hankali. "Ban kai arba'in ba."

Sai na tuna. Muna yara akwai tsokanar da ake yi a gidanmu, wai Umma na hira da firji, don sau da yawa za a same ta tsaye ta buɗe ƙofarsa tana kallon ciki, ba ta ɗauki komai ba. Mahaifinmu har faɗa yake yi a kan hakan. Shekara talatin da biyar muna ba da labarin nan muna dariya, ita ma tana taya mu.

"Ba ki gaya wa kowa ba?"

"Wa zan gaya wa? A lokacinmu shiru ake yi." Ta ajiye zanin. "Yayarki ta fi ki sanin duniya, Auta. Ki yi shiru kawai."

Amma ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

Da yamma saƙon Mai Firji ya shigo: "Kin ci abinci?" Na rubuta, "Akwai maganar da nake so mu yi." Na goge. Na rubuta, "Na je asibiti." Na goge. A ƙarshe na tura masa "Eh, kai fa?" da hoton fure. Ku faɗi gaskiya, wacece a cikinku ba ta taɓa yin haka ba?

Da don ta ni ne, da na yi shirun nan har Asabar. Na'urar bango ce ta hana.

Ranar Talata da safe Manaja ya kira Mai Firji, karo na uku a wata ɗaya. Teburina yana dab da ofishinsa, kuma Manaja ba ya rufe ƙofa in yana faɗa, ya fi son a ji. Ya baza takardun na'urar a kan tebur.

"Duba nan! Sha ɗaya da kwata, bakwai da rabi. Biyu da rabi, bakwai da ɗigo takwas. Kullum! Ka canza roba, ka ƙara gas, ka ce injin lafiya. Jira kake sai allurar mutane ta lalace? Zuwa Juma'a in ba ka gano ba, zan nemi wani."

Sha ɗaya da kwata. Biyu da rabi. Ni ce. Ni da kwalina. Ban taɓa kawowa a raina cewa 'yar tokarar nan tana kai sanyin har bakin takwas ba, ni da aka ba amanar ɗakin.

Na jira ya kare kansa. Sai na ji ya ce, "Zan sake dubawa, ranka ya daɗe." Ya tattara takardun ya fito. Da ya zo wucewa ta gabana ya sunkuyar da kai, bai ko gaishe ni ba.

Na bi shi bayan sito, inda motoci ke sauke kaya. Yana zaune a kan akwatin kayan aikinsa, rana na dukansa.

"Ka san ba injin ba ne," na ce.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwana na farko. Inji in ya lalace ba ya duba agogo. Wannan ƙofa ce ake bari a buɗe." Ya zaro fensirinsa ya mayar. "Makulli kuma ɗaya ne."

"Shi ne ka tsaya ana ci maka mutunci?"

"Bai taɓa kai takwas ba. Kullum ina dubawa. Da ya kai, da na yi magana." Ya ɗago kai. "Na gan ki sau biyu kina fitowa, fuskarki sharkaf, kina gogewa da mayafi. Na san kuka kike shiga yi."

"Kuka?"

"Tun da aka sa ranar zuwan yayata abin ya ƙaru, takarda ta nuna. Na ce marigayi ne bai bar zuciyarki ba. Ban ga laifinki ba, mutumin kirki ne aka ce. Ina ta neman yadda zan ce miki in ba ki shirya ba a ɗaga, ni zan jira. Na kasa ne kawai."

'Yan uwa, wata guda bawan Allah nan yana karanta ni a takardar firji, yana kishi da mamaci shi kaɗai, bai ce uffan ba. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Kuma kamar jikina na jira, sai zafin ya taso a wurin, ya haye wuyana, gumi ya karyo a gabansa.

"Kalle ni da kyau," na ce. "Wannan hawaye ne?"

Ya kalla. "Gumi ne."

"To zauna daidai, ka ji."

Na gaya masa. Al'ada, zafi, likita, Umma. Maganar ƙasan nan ce na ɗan yi in-ina, na ce akwai abin da ya shafi zaman aure, amma likita ta ce yana da magani kuma na fara, har na soma jin sauƙi. Kunnuwansa suka yi ja, ya ƙura wa takalminsa ido. Sannan na faɗi babbar: wataƙila in haihu, wataƙila ba zan taɓa haihuwa ba.

Da fari wata ajiyar zuciya ya yi, har da 'yar dariya. "Ashe ba da marigayi nake takara ba." Sai dariyar ta ɗauke. Ya bi wata mota da kallo har ta gama juyawa ta fita.

"Ina son yara," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Na sani. Shi ya sa na faɗa kafin Asabar."

"Ki ba ni lokaci in yi tunani."

Ya ɗauki akwatinsa ya tafi. Ni kuma na wuce ofishin Manaja kai tsaye, tun kafin ƙarfin halina ya huce. Na ce injin lafiyarsa ƙalau, ni ce nake tokare ƙofa, ga kuma dalili. Manaja, mai faɗa kamar aradu, yana jin kalmar "al'ada" ya soma neman biro a tebur alhali biron na hannunsa. Ya ba ni takardar gargaɗi, wadda na cancanta, ya sa aka bi allurai kanta-kanta aka tabbatar ba abin da ya taɓu, ya ce kada in sake. Na ce ba zan sake ba. Na ɗauki kwalin nan da hannuna na kai shi shara.

Laraba, shiru. Alhamis, shiru. Ina ganin yana kan layi, shi ma na san yana ganina. Yaya da ta ji abin da na yi ta tafa hannu ta ce na kashe aurena da bakina, ta fasa ɗinkin leshin. Umma kuwa, ranar Alhamis da na dawo aiki na tarar ta cire zanin gadona mai santsi ta shimfiɗa na auduga, ta ajiye gorar ruwan sanyi a gefen gado. Na tsaya a bakin ƙofa na yi kukan da Mai Firji ya daɗe yana zargina da shi.

Ban yi da-na-sani ba, amma na ji tsoro. Ina son mutumin nan, kuma sai da ya yi shiru na san iyakar son.

Juma'a na isa aiki da wuri. A jikin teburina, ta gefen dama, an ɗaure wata 'yar fanka da kusoshi huɗu, an bi wayarta da bango tsaf, an sa mata makunni daidai inda gwiwata take. Mai gadi ya ce tun bakwai Mai Firji ya zo, da izinin Manaja. A ƙarƙashinta akwai takardar na'urar ta kwana biyu, layin sanyi a miƙe kamar zare. A bayanta ya yi rubutu da fensir: "Inji lafiya. Mai makulli ma za ta samu lafiya."

Ina riƙe da takardar wayata ta yi ƙara.

"Ganin likita ranar Laraba ƙarfe nawa ne? Ina da tambayoyi, na rubuta su, guda tara."

Na rubuta: "Asabar fa?"

"Tana nan. Na yi tunanin. Yaran da nake so ban san su ba tukuna. Ke na sani."

Na danna makunni da gwiwa, na bar iska ta busar mini da fuska kafin in amsa.

"Yayarka ta sani?"

"A'a. Maganarki ce, ba tawa ba. In kin ce a rufe, a rufe."

Na kalli saƙon na daɗe. Na tuna Umma tsaye gaban firji, mu kuma muna dariya a bayanta.

Asabar da hantsi na sa doguwar rigata ta auduga, shuɗiya, da mayafi mara nauyi. Yaya na kicin tana ƙunƙuni a kan wai ko kwalliyar kirki ban yi ba. Mota ta tsaya a ƙofar gida, muka ji muryar mace mai kauri tana sallama. Na leƙa ta taga: yayarsa ce, doguwa, jakarta a hammata, tana tafe tana ƙare wa gidan kallo kamar mai shirin saye.

Na ce, "Umma, zan gaya mata da bakina. Yau."

Yaya ta leƙo da ludayi a hannu. "Auta, kina hauka ne?"

Umma ta miƙe a hankali ta gyara mayafinta. Ta kama hannuna, tafinta da ɗumi.

"Ba ke za ki fara ba," ta ce. "Ni zan fara. Tawa ta riga taki da shekara talatin da biyar."

Ta buɗe ƙofa.